Gwiwar Torlaug

Torlaug yayar mijina ce, kuma shekara arba'in da shida ke nan shinge ɗaya ne tsakanin gidana da nata, don haka kada wani ya zo ya ce zai ba ni labarinta. Na san tarinta, na san ƙarar takalminta a kan tsakuwa, na san irin shirun da take yi idan tana shirin wanke mutum tas. Shekarunta saba'in da huɗu. Ba ta taɓa aure ba, ba kuma don an rasa masu nema ba. Tumaki talatin gare ta, irin namu na tsibiri masu kwana a waje ko dusar ƙanƙara ake zubawa. Ni kuwa sunana Gunnvor, ni ke da kantin da ke bakin mashigar jirgin fito, duk maganar da aka yi a tsibirin nan sai ta biyo ta gaban teburina.

Tun ina amarya abu ɗaya Torlaug ta sa a gaba, wuta. Tudun Varden da ke bayan gari, wanda yanzu hukuma ta mayar wurin shaƙatawa ta jera masa benci da allunan nuna hanya, da can makiyayar gidansu ce. Lyng ne ya rufe shi daga ƙasa har sama, ɗan tsiron nan da tumakinmu ke rayuwa a kansa duk lokacin sanyi. Ubansu yakan ƙona yanki ɗaya kowace shekara a ƙarshen sanyi, bana nan, baɗi can, sai ya yi shekara goma sha biyar kafin ya zagayo inda ya fara. Tsohon ya ƙone, sabo mai laushi ya fito, tumaki su ƙoshi, kuma ko gobara ta tashi ba ta samun abin ci da yawa.

Doka ɗaya tsohon yake da ita, kuma kowa a gidan ya haddace ta. Kafin ka ƙyasta ashana, ka durƙusa a kan gansakukar da ke ƙarƙashin lyng, ka ƙirga goma. In ka tashi ka ga gwiwar wandonka ta jiƙe, ƙona abinka, wuta za ta lashe sama ta bar saiwa. In ka tashi a bushe, mayar da ashanarka aljihu ka tafi gida. Ƙasar tudun nan ita kanta tana cin wuta in ta bushe, sai wutar ta shige ciki ta yi kwana biyu tana tafiya ba wanda ya gani.

Shekarar da tsohon ya rasu, Torlaug ce ta karɓi ashana, tana da shekara talatin. Ta ƙona yankin bakin teku ranar wata Talata, aka kashe wuta, kowa ya koma gida. Ranar Alhamis sai ga wutar ta ɓullo a gangare, ta cinye rumfar jirgin Sverre Haugland ƙurmus, da jirgin kamun kifinsa a ciki. Sverre bai sake mallakar jirgi ba, a masana'antar kifi ya ƙare rayuwarsa yana yi wa wasu fiɗa. Aka ce iska ce ta juya, aka bar shi a haka. Hukuma dai ta hana ƙona tudu tun daga ranar, daga baya ma ta karɓe shi gaba ɗaya, ta bar wa Torlaug izinin kiwo kawai.

To, shekara arba'in da huɗu ba wuta, ka san abin da lyng ya zama? Itace. Ya kai ƙugun mutum, fari fat, a bushe kamar ƙirare, tumaki ma sun daina shiga. Su kuma masu hikima suka zo suka gina gidan kula da tsofaffi a gindin tudun daidai, don wai tsofaffi su riƙa kallon furanni ta taga. Mijina Oddvar yana ɗaki na bakwai a gidan tun da ɓarin jikinsa ya shanye, kuma daga tagarsa zuwa lyng ɗin nan taku ashirin ne. Na ƙirga da ƙafata.

Torlaug ba ta taɓa barin maganar ta kwanta ba. Duk zaman majalisar gari tana layin gaba da rigar ruwanta mai warin tumaki. Wata shekara ta yanko kara ɗaya na lyng, ta shigo tana dogara shi kamar sanda, ta ɗora a kan takardun shugaban majalisa.

"Ga furenku," ta ce masa. "Ka ba matarka ta sa a kwalba."

"Torlaug, ba a zo kan batunki ba tukuna."

"Ai ba a taɓa zuwa ba. Ranar da za a zo, da motar kwana-kwana za a zo."

Mutanen gari suka raɗa mata suna Uwar Ashana. In ta shigo kantina sai wani ya ce, "Gunnvor, ɓoye kalanzir, ga ta nan." Ita kuwa ko a jikinta, sai ta ce, "Kai da ko murhun gidanka sai matarka ta hura maka, me ka sani game da wuta?" Ni kaina na sha ce mata ta haƙura, ta riƙa kunyata mu a gaban jama'a ya isa haka. Ta ce in ji da kantina.

Abin da bakinta ya kasa yi a shekara arba'in, talabijin ya yi shi a kwana ɗaya. Wani gari a bakin teku can arewa ya kama da wuta a tsakiyar Janairu, lyng ɗinsu ya tsufa kamar namu, gidaje suka ƙone mutane na tsaye da rigunan sanyi suna kallo. Sai ga majalisarmu ta farka. Amma da yake majalisa ce, sai da aka yi shekaru ana kafa kwamiti, sannan aka ba da izinin gwaji sau ɗaya tak. Za a ƙona yankin da ke bayan gidan tsofaffi, dole 'yan kwana-kwana shida su tsaya a wurin, kuma dole a gama kafin sha biyar ga Afrilu, ranar da doka ke hana kunna wuta a daji. In ba a yi ba, to a watan Mayu za a kawo motoci su kankare tudun a dasa itatuwa. Wato ba lyng, ba kiwo, tumakin Torlaug sai mahauta.

Shugaban 'yan kwana-kwana kuwa ba kowa ba ne illa Arnfinn Haugland, ɗan Sverre mai jirgi. Yana da shekara goma sha huɗu aka yi waccan gobara. Mutum ne mai ƙarancin magana, in ya sayi burodi a wurina sai dai ya nuna da yatsa. Tsakaninsa da Torlaug gaisuwa ce da ka, ba ta taɓa wuce haka ba.

Aka sa Asabar ta farko a Afrilu. Kai, ranar an yi taro! Shugaban majalisa ya zo da sabuwar hula, ɗan jarida ya tsallako daga birnin Bergen, matan coci suka kafa tebur da kofi da cuku da vaffel, wainarmu ta fulawa, har tsofaffi aka turo a kekunansu aka jera a baranda, Oddvar a cikinsu da bargo a cinya. Mako uku ba a yi ruwa ba, rana ta fito, iska kaɗan daga gabas. Ingunn, jami'ar da ke kula da wuraren shaƙatawa, mace mai kirki ba laifi, tana ta yawo da na'urarta tana auna iska da bushewar ganye, tana cewa ba a taɓa samun rana mai kyau irin wannan ba. An ja igiya ja da fari, aka ce duk wanda ba ma'aikaci ba ya tsaya bayanta. Har da Torlaug.

"Ni ce ba ma'aikaciya ba?" ta ce.

"Dokar inshora ce, Torlaug," in ji Ingunn. "Amma mun ajiye miki kujera a gaba, za ki ga komai."

"Ki ba shugaba ya ɗora hularsa."

Ta ɗaga igiyar ta wuce abinta. Bara aka yi mata aiki a gwiwar dama aka sa ƙarfe, likita ya ce kada ta kuskura ta sake durƙusawa. Ta kutsa cikin lyng har ya kai mata ƙugu, ta buɗa shi da hannu, ta dafa sandarta, ta sauke gwiwar hagu a hankali. Ina ganin leɓenta yana motsi tana ƙirgawa. Da ƙyar ta miƙe. Ta duba wandonta, ta matsa gaba taku goma ta sake, ta kuma sake a wuri na uku. Sannan ta fito ta tsaya a gaban Arnfinn, wanda ya riga ya kunna abin hura wutarsa na gas yana jiran shugaba ya gama jawabi.

"Kashe abin nan," ta ce. "Yau ba za a ƙona ba."

Sai wani ya fashe da dariya a baya. Ni na ɗauka wasa take yi.

"Torlaug," in ji shugaba, "ke fa kika hana mu sakat shekara da shekaru a kan ranar nan."

"Ni ce. Ni ce kuma na ce a'a. Dubi gwiwata." Ta ɗaga ƙafa kamar mai tallan wando. "Ƙura ce a jiki. Ƙasa ta bushe."

Ingunn ta matso da na'urarta. "Duk alƙaluman sun yi daidai. Ganye ya bushe yadda ake so, iska ba ta kai..."

"'Yar nan, na'urarki sama take aunawa. Ta taɓa durƙusawa?"

"Muna da mota biyu cike da ruwa," Arnfinn ya ce, karo na farko da ya buɗe baki. "Muna da mutum takwas. Matsa, Torlaug."

"Ruwanka zai kashe wadda ka gani. Wadda ta shige ƙasa fa? Jibi da rana kana wurin aiki za ta fito, kuma ka san inda za ta fito." Ta nuna baranda da sandarta.

"Wancan karon iska ce ta juya. Kowa ya sani. Yau ba iska."

Sai ta yi irin shirun nan nata. Na ce a raina, shi ke nan, yau Arnfinn zai ji abin da bai taɓa ji ba. Ashe kuwa haka ne, amma ba yadda na zata ba.

"Ba iska ba ce," ta ce, da ƙarfi yadda har masu kofi suka ji. "Ba a yi wata iska ba ranar. Ban durƙusa ba ne. Maza goma sha ɗaya suka zo kallon 'yar tsoho za ta riƙe ashana, ubanka a cikinsu, suna ta zolaya wai bari mu ga Torlaug a kan gwiwa ko sau ɗaya a rayuwa. Na ce wallahi ba za su gani ba. Na ƙyasta a tsaye. Ƙasa a bushe take, kamar yau. Ni na ƙona jirgin ubanka, Arnfinn, da taurin kaina, kuma da aka ce iska ce na yi shiru na bar ta ta ɗauki laifin."

Shekara arba'in da shida muna shan kofi tare da matar nan, ban taɓa jin wannan ba. Ko ƙaninta Oddvar bai sani ba.

Ta juya ta koma cikin lyng, daidai inda aka shata za a fara, ta zauna daɓas a ƙasa ta miƙe ƙafar ƙarfen. "Wanda zai ƙona, bismillah. Sai dai ya fara da ni."

Arnfinn ya daɗe yana kallonta, fuskarsa ta yi ja har wuya. Ya murɗa abin gas ɗin ya mutu. Ya ce wa mutanensa su naɗe tiyo. Motoci suka tafi, ɗan jarida ya ɗauki hoton tsohuwa zaune cikin daji, matan coci suka kwashe vaffel ɗinsu. Ni da Ingunn muka ɗago ta.

A hanyar gida na sauke mata kwandon masifa, ba zan ɓoye ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma tsoro ya kama ni, don ina ganin Oddvar zai sake kwana wata bazarar da ƙirare a bakin tagarsa.

"Kin kyauta! An ba ki abin da kike nema kin sa ƙafa kin shure. Saura kwana goma sha biyu, kuma bikin Ista ya zo, kowa zai tafi hutu kan dutse. Kin tona wa kanki asiri a gaban duniya, kin kori mutum ɗaya da izinin nan ba ya aiki sai da shi. Wa zai dawo miki?"

"Oho."

"Oho? Tumakinki fa?"

"In an yanka su na ci nama. Gara a kankare tudun da in gasa ƙanena a gado. Ke da kike matarsa ai ke ya kamata ki fara faɗin haka."

Gaskiyarta ce, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Kwana uku ban yi mata magana ba.

Garin kuwa ya samu abin taunawa. A kantina wasu na cewa tsufa ne ya taɓa ta, wasu na cewa ai dama sun san ba iska ba ce, maƙaryata. Arnfinn ya daina zuwa sayen burodi, matarsa yake aikowa. Torlaug ba ta ɓuya ba. Kullum da safe sai ta hau Varden ta durƙusa, ta sauko ta biyo ta gaban kanti a tsakiyar titi, kai a sama, wando a bushe.

Ranar Litinin ta makon Ista ruwa ya sauko, irin namu na yammacin ƙasa mai zuwa a kwance. Ya wuni, ya kwana, ya ƙara wuni. Laraba gari ya washe, iskar arewa mai sanyi ta busar da ganye. Alhamis ita ce sha huɗu ga wata, rana ta ƙarshe, kuma ranar hutu. Rabin tsibirin sun tsallaka sun tafi bukkokinsu na kan dutse wasan dusar ƙanƙara, har da Arnfinn da yawancin mutanensa, tafiyar awa biyar a mota.

Laraba da la'asar na sami Torlaug tana jiƙa buhuna a baho, waɗanda ake bugun gefen wuta da su.

"Kin kira Arnfinn?"

"Na aika masa saƙo."

"Me kika ce? Kin ba shi haƙuri dai ko?"

Ta miƙo min wayar. Kalma uku ce: "Gwiwa ta jiƙe." Ba gaisuwa, ba suna. Na ce lallai matar nan sai dai a binne ta da halinta. Bai amsa ba.

Alhamis da safe muka tsaya a gindin tudun, ni da ita da Ingunn, wadda ta fasa tafiyarta don kanta. Ba shugaba, ba ɗan jarida, ba igiya. Na roƙi ma'aikatan gidan suka turo Oddvar baranda. Jirgin ƙarfe tara ya zo ya tafi, ba kowa. Torlaug ta zauna a kan dutse da ashanarta a hannu. Ingunn ta ce a hankali, in babu mutum shida ba ta da ikon bari a kunna. Torlaug ta ce ta sani, ba a kan Ingunn aka fara karatu ba.

Jirgin sha ɗaya ya iso. Daga inda muke ana hango mashiga. Motoci uku suka fito a jere, da katakon wasan dusar ƙanƙara ɗaure a samansu, ba su nufi gidajensu ba, suka miƙe tashar kwana-kwana. Minti ashirin sai ga jar motar kwana-kwana tana hawowa. Na ƙirga su suna sauka, shida cif har da Arnfinn, fuskoki duk rana ta ƙona, ɗaya ma da takalmin dutse a ƙafarsa.

Arnfinn bai gaishe da kowa ba. Ya wuce ta gaban Torlaug, ya kutsa cikin lyng da kayan aikinsa, ya buɗa shi, ƙaton mutum mai shekara hamsin da takwas, ya zube a kan gwiwa biyu. Muna ji yana ƙirgawa a fili har goma. Ya tashi ya juyo. Gwiwoyinsa biyu sun yi baƙi da ruwa.

"Ban yarda da gwiwar Haugland ba," in ji Torlaug. Ta taka ta je gefensa ta sauke tata. Ta ƙirga goma, ta yunƙura za ta tashi, ƙafar ta ƙi. Ta sake yunƙurawa, ta ƙi. Maza shida na tsaye suna kallon Torlaug a kan gwiwa, ba wanda ya yi ko murmushi. Arnfinn ya sa hannu a hammatarta ya ɗago ta cak, ruwa na ɗiga daga wandonta.

"Ban yafe miki jirgin ba," ya ce.

"Ban roƙe ka ba."

"Ubana ya mutu yana zagin iska."

"Na sani. Ina jin sa ta taga." Ta yi kaki ta tofar. "Za mu tsaya hira ne, ko za ka jera mutanenka? Biyu a gefen gidan, da buhu. Daga sama za mu fara, wuta ta sauko tana fuskantar iska, ba gudu."

Ya miƙa mata abin gas ɗin. Ta dube shi kamar an miƙa mata mataccen kifi, ta tura shi gefe. Ta karya damin busasshen lyng, ta juya wa iska baya, ta ƙyasta ashana ɗaya.

Wutar ta kama da ƙara kamar ana yaga tsumma, ta miƙe layi ɗaya, ta fara saukowa a hankali, hayaƙi fari yana tafiya teku. Inda ta wuce na sa hannu a toka, da zafi a sama, na tura yatsa ƙasa na ji sanyi da laima. Ni da na zo kallo sai ga ni da jiƙaƙƙen buhu ina bugun gefe, ina kuka, ina zagin hayaƙi don kada a gane. Daga baranda Oddvar ya ɗaga hannunsa mai lafiya yana buga hannun keke.

Ƙarfe huɗu aka gama. Bayan gidan tsofaffi ya zama baƙi wuluk, faɗin taku ɗari, babu abin da wata gobara za ta ci a wurin. Arnfinn ya zo yana share fuska, ya ce za a bar mutum biyu su yi gadi zuwa gobe.

"Zuwa jibi," in ji Torlaug. "Waccan ranar Alhamis ta fito, Talata na ƙona."

Ya dube ta, ya dubi gangaren da rumfar ubansa take a da.

"Zuwa jibi," ya ce. "Ni zan tsaya."

"Ka zo da kofinka. Nawa ba ya isar mutum biyu."